Birni Tara A Kwana Goma

Ranar da Mai Agogo ya fara shiga ofishin shirya tafiye-tafiye da ke ƙarshen layinsu, da takarda ya shiga a hannu. Ya ajiye ta a teburin farko kamar mai kai ƙara.

Likitan ido ne ya jawo maganar. Ya ce masa shekara goma sha biyu yana ƙura wa ƙananan ƙarafa ido a shagon da bai fi faɗin tabarma ba, don haka ya huta, ya riƙa kallon nesa. Shi kuwa ba ya yin abu rabi. Ya sayi taswirar duniya, ya nemi ƙasar da ta fi cika masa ido don girma da nisa, ya ce can zai je hutu.

Yarinyar da ke teburin, wadda gida da ofis kowa ke kira Auta, ta ɗauki takardar. Birni tara a kwana goma, kowanne da ƙarfensa da mintinsa. Karin kumallo a birnin gabas, abincin rana a bakin tekun yamma.

"Malam, da me ka auna nisan nan?"

"Da yatsa. Gaɓa uku ce tsakaninsu."

Ta rufe baki da takardar, kafaɗunta na rawa.

"Gaɓa ukun nan kwana huɗu ce a jirgin ƙasa. Kuma in ka isa, agogonka ƙarya zai yi maka. In takwas ta yi a gabas, a yamma ko bakwai ba ta yi ba."

"Agogon da na gyara ba ya ƙarya," in ji shi, ransa a ɗan ɓace.

Sai ya ɗago ya dube ta sosai. Nan take shawarar likita ta bi iska.

Ta ɗauki biro ta zagaye masa birni uku, ta ce waɗannan sun ishi mai kwana goma. Mai hankali da a ranar ya gama. Shi kuwa ya ce zai yi tunani. Laraba ta zagayo, ya dawo ya cire birni ɗaya. Wata Larabar ya cire wani. Kowane cirewa sai Auta ta sake lissafin jirage da masauki tun daga farko.

A faɗi gaskiya, ba shawara yake nema ba. Wayo ne, wayo kuwa ƙanen ƙarya ne, ko da an shafa masa turare.

Ya karɓi lambarta da sunan aiki. Saƙon farko ya ce: "Ranki ya daɗe, shin can ana sanyi ne yanzu?"

Ta amsa: "Lokacin zafinmu ne sanyinsu. Ka nemi riga mai kauri, Sarkin Minti."

Ya rubuta: "To, Malamar Taswira. Ɗalibinki ba ya gane karatu sai an maimaita."

Manajan ofishin, wanda ya daɗe yana ajiye wa Auta tsarabar ƙasashe a tebur, ya lura. Wata Laraba ya ce da ƙarfi, don a ji, "Auta, wannan baƙon naki ko tashar mota ya taɓa wucewa kuwa?"

"Bai taɓa ba, Yallaɓai," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Shi ya sa yake tambaya. Waɗanda suka je ai ba sa bari a yi magana."

Da birane suka dawo uku, abin cirewa ya ƙare. Sai Mai Agogo ya fara mayar da su ɗaya bayan ɗaya. A Laraba ta goma sha huɗu ya tattaro ƙarfin halinsa ya ce a mayar da kujerar jirgin ta zama biyu.

"Mata sun fi son gefen taga, ko?"

Biron Auta ya tsaya. Ta rubuta "biyu", ta ce, "Ka tambaye ta mana," ta kira mai bi masa.

Kwana uku saƙonsa na tafiya ba amsa. Ya lalata agogon wani tela da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. A na huɗu ya bar kwana-kwana ya rubuta: "Kin ce in tambaye ta. To ga shi ina tambaya. Kina son gefen taga?"

Sai da la'asar amsa ta zo: "Ina so. Amma tikitin nan ba a ofis ake yankarsa ba. Yana hannun Baba."

A nan gizo ke saƙar. Baban Auta tsohon magini ne, mutum mai magana ɗaya. Kuma duk Laraba, a wajen cin abinci, Auta kan ba mutanen gida labarin baƙon da ke cire birni yana mayarwa, a yi ta dariya. Ita ba ta san tana haƙa masa rami ba. Ga shi Manaja ya riga ya turo manyansa.

Mai Agogo ya je da kawunsa, suka zauna a ƙasa a falo. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Wato kai ne mai birni tara."

"Ni ne, Baba."

"Tafiyar kwana goma ka sauya sau goma sha huɗu. Kai zan ba tafiyar da ba ta da ranar dawowa? Ginin da ake sauya wa tushe duk mako ba ya kaiwa rufi. Ku tashi."

Kawu ya fara tattara rigarsa. Mai Agogo bai motsa ba. Ya ga hanya biyu ce gabansa: ya tafi a matsayin marar tsayayyen ra'ayi, ko ya tona wa kansa asiri. Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar ranar farko, ta yi laushi don ninkewa. Ga birni uku da Auta ta zagaye. A ƙasansu, da rubutunsa da kwanan watan ranar, an sa: "Waɗannan zan je. Ba canji."

"Tun ranar na yanke, Baba. Sauran duk don in dawo ne."

Baba ya nisanta takardar da idonsa ya karanta, ya sake karantawa.

"Ashe ba mai sauya ra'ayi ba ne kai. Maƙaryaci ne."

"Haka ne, Baba."

"Ka sa ɗiyata aikin banza mako goma sha huɗu."

"Na sa ta. Ina neman afuwa."

Maman Auta, wadda ta shigo da ruwa ta ƙi fita, ta ajiye tire a hankali, ta dubi mijinta.

"Malam, rediyon nan da ka riƙa kawo wa babana gyara, sau nawa ne ma? Ya ce bai taɓa samun abin da ya lalace a cikinta ba."

Kawu ya sunkuyar da kai yana tari. Baba ya gyara zama, ya ce ruwan ya yi sanyi da yawa. Sai da aka jima ya buɗe durowa, ya jefa takardar ciki, ya kulle.

"Wata uku. Kada ƙafarka ta taka ofishin nan. Mai son yarinya gidan ubanta yake zuwa, ta ƙofa, da rana. In ka dawo da magana ɗaya, na ji."

Haka ya kamata. So ba ya hana a biya laifi.

Wata ukun nan Mai Agogo ya san tsawon kowane minti. Duk Laraba da yamma yana falo, Baba na gefe da jarida. Manaja ya gaji da jiran amsa, ya janye manyansa. Ranar da wa'adi ya cika, Baba ya buɗe durowa.

"Birni nawa?"

"Uku, Baba."

"Mata nawa kake nema a gidan nan?"

"Ɗaya."

"To, an ba ka."

Aka ɗaura aure, dangi suka cika gida har bakin titi. Bayan mako biyu aka raka su filin jirgi. Ango ya ɗaura agogo biyu, ɗaya na can, ɗaya na gida, don kada ya kira surukinsa a lokacin da bai dace ba. Baba ya ga haka, ya kawar da kai don kada a ga murmushinsa. Ya dafa kansu ya ce, "Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa albarka a zamanku. Kai kuma, kada in ji an ƙara birni."

Jirgi ya ɗaga. Auta na gefen taga, gari na ƙanƙancewa a ƙarƙashinsu. Ta juyo ta tarar ita yake kallo.

"Sarkin Minti, likita fa nesa ya ce ka kalla."

"Tagar nake nema, Malamata," ya ce. "Ke ce kika tare."