Ƙofar da Ba Ta da Bango

Mai sharar dandali ce ta fara ganinsa da sassafe. Baba Tela yana kwance a bayan ƙofarsa, jini ya jiƙa masa hula, ƙofar kuma a buɗe hanhai. Kafin Sufeto ya iso an kwashi tsohon zuwa asibiti, bai san inda kansa yake ba.

Ƙofofin nan fa ba a jikin gidaje suke ba. Da aka rushe tsohuwar unguwa don a fitar da titi, wata mai zane ce ta bi ta tsince ƙofofin gidajen, ta kafa su a tsakiyar dandalin gari na ɗan lokaci, kowace a tsaye cikin firam ɗinta, ba bango ba rufi. Da farko dariya aka yi mata, aka laƙaba mata Mai Ƙofofi. Ba a jima ba kuwa tsofaffin maƙwabta da aka watsa gabas da yamma suka fara zuwa, kowa ya nemi tasa, ya ƙwanƙwasa ta maƙwabcinsa, ana kuka ana dariya. Baba Tela kullum yana kan kujera a bayan tasa, kuma bai taɓa yarda an buɗe ta ba.

Jama'a sun riga sun yanke hukunci. Ɗansa ne, in ji su, Direba, wanda ya kora tun yana saurayi saboda ya sace masa keken ɗinki ya sayar. An sha ganinsa yana raɓe-raɓe a gefen dandalin. 'Yan sanda sun saka shi a mota, mutane sun kewaye motar, wasu da duwatsu a hannu, kuma ba a magana. Wannan shirun ne ya tsorata Sufeto, don ya san abin da yake biyo bayansa.

Shi kuwa Sufeto, mutum ne mai jiki da nawa, ba ya son laifin da aka kawo masa da mai shi a ɗaure. Ya duba dutsen da aka bugi tsohon da shi, ɗaya daga cikin waɗanda aka danne firam ɗin da su. Sannan ya ja ƙofar da ƙyar ya rufe, ya murɗa mariƙin ya tura. Ko gezau. Ya sa kafaɗa, har gumi ya karyo masa, ƙofa tana nan daram.

Mai Ƙofofi tana tsaye a gefe. Ta ce a gidan yayarta ta kwana, kuma yayar ta shaida. Ta ce ita da kafintanta sun yi fama da ƙofar nan ranar kafawa ba ta buɗu ba, Baba ya ce su ƙyale masa abarsa. Jiya da yamma dai ta shafa wa gindin ƙofofin baƙin mai saboda ruwan sama, kuma man ba ya saurin bushewa. Sufeto ya durƙusa. A daidai tsayin gwiwa akwai wurin da man ya goge, faɗinsa kamar bakin kofi.

A asibiti ya tarar da ƙanin tsohon, wanda kowa ke kira Baffa, yana kuka har ya fi mai ƙora shafawa. Ya ce daga gida ya taho da jin labari. Ya ce shi ƙafarsa ba ta taɓa taka dandalin nan ba, wasan yara ne, kuma yaron nan tun yana goye ya san ba zai yi albarka ba. Sufeto ya ba shi haƙuri, idonsa na kan wandon mutumin.

Wata tsohuwar ungozoma ce ta ja masa riga a bakin ɗaki. Maƙwabciyarsu ce a da, ta bi mijinta wani gari tun kafin a kori yaron, ƙofofin nan ne suka sake haɗa ta da Baba shekaranjiya. Cikin hira ta tambaye shi ko keken ɗinkin da ta ga ƙaninsa ya ɗora a amalanke ranar da za ta tashi ya gyaru. Ita da zuciya ɗaya ta yi tambayar. Ta ce a nan Baba ya gane ba ɗansa ne ya sace keken ba, ya ce zai kira ƙanin nasa su yi magana, bayan nan kuma zai buɗe wa ɗansa ƙofa.

Sufeto ya roƙi Baffa ya raka shi dandali, wai don ya taimaka wajen lallashin jama'a. Da suka isa ƙofar tana nan a rufe, Sufeto ya zagaya bayanta, ya sa aka fito da Direba, ya ce ya buɗe ya shigo.

"Baba ya hana ni ƙetare ta, Yallaɓai," in ji Direba.

"Ni na sa ka."

Ya murɗa, ya tura, ya sa kafaɗa. Ya ja baya yana kallonta kamar baƙo. "Da ba haka take ba," ya ce.

Sufeto ya sunkuya ƙasa. Sai ya ɗaga murya daga bayan ƙofar, kamar wanda ya tsinci wani abu. "Baffa, zo da sauri ka ga abin nan."

Fili ne fetal dama da hagu, ko raƙumi zai wuce. Amma Baffa ya nufi ƙofar kai tsaye, ya kama mariƙin ya ɗaga sama, ya doke gindinta da gwiwar hagu, ta buɗe ba ko ƙara. Sai da ya shigo ya ga babu abin gani sai fuskar Sufeto.

Sufeto ya yi bayani a hankali, yadda na bayan taro ma za su ji. Ya ce baƙo in ya ga ƙofar da ba bango, zagayawa yake yi. Wanda ya shekara da shekaru yana shiga ta ne kawai hannunsa zai riga tunaninsa. Ƙofar ta sauka a kan hinjinta, ƙarfen da ke riƙe da ita, bayan an kori Direba, shi ya sa bai san dabararta ba. Mutum biyu suka san ta, ɗayan yana kwance a asibiti.

"Gidanmu ne, dole in san ta," in ji Baffa.

"Gaskiya ne. Amma ka ce ba ka taɓa zuwa nan ba, kuma jiya da yamma aka shafa man nan. Tabo biyu ne a gwiwarka, Baffa. Ɗaya ɗanye, na yanzu. Ɗayan tun a asibiti na gan shi."

Baffa ya sunkuya ya kalli wandonsa. Nan take aka sa masa ankwa. Duwatsun da ke hannun mutane suka riƙa faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kauce wa idon Direba, don kunya ta kama su.

Ungozoma ta kama hannunsa ta gaya masa abin da mahaifinsa ya ce. Ta nuna masa ƙofar da ke buɗe, ta ce ya shiga mana, ai tasa ce. Direba ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kama mariƙin, ya ɗaga yadda ya ga baffansa ya yi, ya jawo ta ya rufe.

"A bar ta haka, Inna. Shi zai buɗe mini."

A lokacin ne wayar Sufeto ta yi ƙara. Daga asibiti ne. Ya ɗaga, ya saurara, sannan ya cire hularsa yana karanta Inna lillahi ƙasa-ƙasa. Direba bai waiwayo ba, yana tsaye a gaban ƙofar yana jira.