Wanda Ya Koya wa Lauratu Haɗa Albashi

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Lauratu ta tare keke a bakin kasuwar Dutse, ta ce a kai ta hanyar Kiyawa. Ba ta yi ciniki ba. Ta shiga ta zauna tana huci.

Kamfanin gyaran riɗi na yayanta, Alhaji Abdulbaƙi, yana can bayan gari, a gindin wasu duwatsu. Bayan rasuwar mijinta, yayan ya ce maimakon zaman gida ta zo ta riƙe masa albashin ma'aikata. Ya sayi kwamfuta, aka saka manhajar lissafi, ya ɗauko wani Malam Sadisu daga cikin gari don ya koya mata. Malam Sadisu ya zo rana ɗaya, ya danna nan ya danna can, ya ce ai abin ba wuya, ya tafi. Daga nan kullum uzuri. Yau ɗaurin aure, gobe Kano.

Ita kaɗai ta haɗa albashin watan jiya, kuma ta yi kuskure. Haraji ya fita sau biyu daga albashin kowa. An gyara, an cika wa kowa haƙƙinsa, amma maganar ba ta mutu ba.

Da safiyar ranar nan, Jaji, dattijon da ke tuƙa injin gyaran riɗi, ya ji cewa ita ce za ta sake haɗa na wannan watan. Ya tsaya a tsakar kamfani, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Gara a ba akuya kwamfutar nan! Ta ci mijinta, yanzu kuma za ta ci guminmu!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Lauratu ta juya ta kalli yayanta. Alhaji Abdulbaƙi ya gyara hula, ya ce, "Ke ma ki dinga kula mana, Lauratu." Iya abin da ya faɗa ke nan.

Ta koma gida ta kasa cin abinci. Ta kira Malam Sadisu har wayarta ta yi zafi, bai ɗauka ba. Da la'asar sakaliya ta yafa mayafi. Gobe ne biya. Ko za ta kwana a ofis sai ta gane kan manhajar nan.

Keken na wuce gidan man ƙarshe, maganar Jaji ta sake dawo mata. Ta cije leɓe. A zuciyarta ta ce, da ma a wayi gari babu shi.

Mai keke ya sauke ta a bakin get, ya juya. Mai gadi ba ya nan, ya tafi masallacin ƙauye. Ma'aikata sun tashi, janareta a kashe. Daga rumfar inji kawai take jin ƙarar ƙarfe da sharar buroshi. Jaji ne, yana goge injinsa kamar yadda ya saba kafin ya tafi. Ta wuce ba ta kalli wajen ba.

Ƙofar ofis a buɗe take. Kwamfuta a kunne, batirin sola na riƙe da ita. A gefen kujerarta wani mutum yana zaune, ya ba ta baya.

Malam Sadisu ne. Shaddarsa ruwan toka, hularsa a karkace.

Ko sallama ba ta yi ba.

"Malam, ka kyauta ke nan? Ka karɓi aiki ka gudu, ka bar ni ana zagina a gaban ƙattai! Wayarka ma ba ka ɗauka!"

Bai juyo ba. A hankali ya ce, "Zauna. Yau zan koya miki duka."

Ta ja kujera da ƙarfi ta zauna. Ɗakin yana wani wari da ba ta saba ji ba, kamar na dutsen da ya sha rana aka watsa masa ruwa. Ta ɗauka daga waje yake shigowa.

"Buɗe shafin ma'aikata," in ji shi. "Ke za ki danna. Ni ba zan taɓa ba."

Hannayensa suna cikin hannun riga, ya ɗora su a cinya.

Ya fara koya mata, kuma ba irin koyarwar rannan ba. Ya nuna mata inda ainihin albashi yake zama, da inda ake sa alawus. Ya ce awannin ƙarin aiki ba a haɗa su da albashi, gurbinsu daban, manhaja ce za ta ninka da kanta.

"Haraji tun a saitin farko aka sa shi. Ke kuma kika sake sawa da hannu. Shi ya sa ya fita sau biyu."

Ta ce, "Wannan ne kawai?"

"Wannan ne kawai."

Takaici ya sake turnuƙe ta. A kan ɗan wannan abin aka ci mata mutunci.

Ya nuna mata na fansho. Ya nuna mata yadda ake fitar da gwaji a duba kowane suna kafin a amince. Lambobi suka zauna daidai. Karo na farko ta ji abin ya shiga kanta.

Ba ta lura duhu ya shigo ba. Hasken kwamfuta ne kaɗai a ɗakin. Gyaren da ke kuka a bayan taga ya yi shiru.

"Saura darasi ɗaya," in ji shi. Muryarsa ta yi ƙasa. "Yadda ake cire mutum."

"Ai babu wanda ya bar aiki."

"Wata rana za a bari. Zaɓi suna."

Ba ta yi tunani ba. Hannunta ya kai kibiyar da ke allon kwamfuta kan sunan Jaji. Ta danna.

Wani ɗan akwati ya buɗe, yana tambayar dalili. Zaɓi uku ne da Turanci. Ya ajiye aiki. An kore shi. Ya rasu.

"Na ƙasa," in ji shi.

"Malam, mutumin yana raye. Ga shi can yana shara."

"Da ma a wayi gari babu shi." Ya faɗa da raɗa. "Ba haka kika ce ba, daidai gidan mai?"

Lauratu ta daskare.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ko kalma ɗaya ba ta furta ba a cikin keken.

Ba ta yarda ta juya ba. Ta ɗaga ido kaɗan, ta kalli gilashin tagar da ke gabanta. Duhun waje ya mai da shi madubi.

Ta ga kanta. Ta ga kujerar da ke gefenta.

Abin da ke kan kujerar ya fi ɗakin tsawo. Bayansa ya tokare silin, ya lanƙwaso. Wuyansa ya sauko dogo, siriri. Bakinsa yana daf da kunnenta.

Ta ji hucin numfashi a cikin mayafinta.

"Na ƙasa," ya sake cewa.

Ta yunƙura za ta janye hannu. Wani hannu ya fito daga hannun rigar ya danne nata a kan maus, linzamin kwamfutar. Zafi kamar murfin tukunya. Yatsun suka naɗe wuyan hannunta, suka sake zagayowa.

Kibiya ta sauka kan na ƙasa. Saura maɓallin amincewa.

A waje, inji ya tashi.

Babu janareta. Babu wuta. Amma ta ji rugugin injin har cikin ƙafafunta.

Jaji ya yi ihu. Ihun ya yanke a tsakiya.

"Danna."

Yanzu muryar ba ta Malam Sadisu ba ce. Muryarta ce.

"Ya ce kin ci mijinki. Ke da kika yi jinyarsa har fatar hannunki ta saɓule. Ke da kika rufe masa ido. Danna."

Hawaye masu zafi suka zubo mata. Gaskiya ne, duk gaskiya ne. Yatsanta ya yi nauyi a kan maus, kuma a wannan ɗan lokacin ta so ta danna. Ta so ƙwarai.

Sai ta lura da wani abu. Ya danne hannunta, amma bai danna yatsan ba. Jira yake.

Ita yake so ta yi.

Wani sabon fushi ya taso mata, ya fi na safe. Yayanta ya ajiye ta a kujera ya zuba ido ana zaginta. Sadisu ya yasar da ita. Jaji ya taka kabarin mijinta. Yanzu kuma wannan ƙazamin ya zo zai ɗauki hannunta ya yi kisa, ya bar ta da alhaki.

"Sake ni!"

Yatsun suka ƙara matsewa. Ta ji ƙaurin fata.

Ta nemi Ayatul Kursiyyu, kanta ya ɗauke. Ko farkonta ta kasa kamawa.

"A'uzu billahi!" Da ihu ta faɗe shi, kamar mai zagi. "A'uzu billahi, sake ni, la'ananne!"

Ta tokare tebur da ƙafafu biyu, ta wurga kanta baya.

Kujera ta kife. Wayar maus ta tsinke. Hannunta ya zame, fata ta bi yatsun.

Ta rarrafa. Ta miƙe. Ta fita a guje, ba takalmi.

A rumfar inji, tocilan Jaji na ƙasa yana haska ƙura. Rawanin da yake naɗe hanci da shi ya shiga bel ɗin da ke juya injin. Injin yana jan sa a hankali, kamar mai jan rago. Fuskarsa ta kumbura. Ƙafafunsa na shure-shure a cikin riɗi. Kansa ya kusa kaiwa ga ƙafar ƙarfen da ke juyawa.

Ta daki jan maɓallin kashewa. Babu abin da ya faru.

Ta sake duka. Injin ya ƙara gudu.

A kan tarin buhuna akwai wuƙar da ake yanke zare da ita. Ta fizgo ta da hannun hagu, don na dama ya ƙi rufuwa. Ta kama rawanin. Ta yanka. Wuƙar ba kaifi. Ta dinga gurzawa tana kuka tana zagi, ita ma ba ta san wa take zagi ba.

Ƙyallen ya tsinke.

Jaji ya faɗi. Injin ya tsaya cak.

Shiru.

Sai tarin Jaji, da numfashinta.

Ta ɗago kai. Daga ƙofar rumfar ana hango ofis. Hasken kwamfuta yana nan. A bakin ƙofar wani abu yana tsaye, ya sunkuyo don ya samu ya leƙo.

Jaji ma ya gani. Ya damƙe mayafinta.

"Kar ki kalla," ya ce, da ƙyar muryar ta fita.

"Tashi, Baba Jaji. Tashi!"

Ta sa kafaɗa a hammatarsa ta ja shi. Suka bi ta bayan buhuna. A bayansu tsakuwa tana ƙara, taku ɗaya, sannan dogon shiru, sannan wani takun ya sauka kusa.

Ba su waiwaya ba.

A bakin get suka yi karo da mai gadi da wasu mutum biyu, sun dawo daga masallaci suna haska hanya. Lauratu ta zube a gabansu. Da aka haska tsakar kamfanin, babu kowa. Ofis ya yi duhu.

Washegari aka samu Malam Sadisu a waya. Yana Kano tun shekaranjiya, ya kai mahaifiyarsa asibiti. Alhaji Abdulbaƙi ya kira malamai aka yi saukar Alƙur'ani, aka mayar da ofis ɗakin da ke kusa da get. Ya zo gida duba hannun ƙanwarsa, ya fara cewa ta yi haƙuri. Ta ce masa ranar da aka zage ta a gabansa ya kamata ya yi magana, ba yau ba.

Albashin da ta haɗa a wannan magaribar yana nan cikin kwamfuta. Da Malam Sadisu ya dawo ya duba, bai samu kuskure ko ɗaya ba. Ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Tabon ya zauna a wuyan hannunta, zobe biyu. Muryar Jaji ba ta sake dawowa daidai ba. A lokacin bai ba ta haƙuri da baki ba, amma daga ranar babu ma'aikacin da ya isa ya ɗaga mata murya yana wurin.

Bayan wasu shekaru ƙirjinsa ya gaza da ƙurar riɗi, ya ce zai koma gona a Buji. Lauratu ta ƙi cire sunansa sai yana tsaye a gabanta, da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Ta zaɓi na sama, ta karanta masa da ƙarfi. Amma ta tsaya, ba ta danna ba.

"Danna mana, Hajiya," in ji Jaji. "Ga ni."

Ta yi bisimilla ta danna.

Su biyun suka yi tsit, suna saurare. Inji yana aikinsa a waje, ma'aikata na ɗinkin buhu suna hira. Jaji ya shafa wuyansa, ya saki numfashi.

"To, a yafe ni," ya ce.

Lauratu ta dube shi.

"Na yafe, Baba Jaji. Amma ban manta ba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa ya fita.