Tsarabar Tokyo a Unguwar Takur

Ana saukowa daga sallar Juma'a Nuriyya ta shigo ofishin 'yan sanda, idonta ja wur. Sufeto Nata'ala ya gane ta nan take. Wa bai san ta ba a Dutse? Ita ce ɗalibar jami'ar Kafin Hausa da ta ci gasar zane aka kai ta Japan. Shi kansa Sufeto ya sha nuna hotonta a waya yana cewa 'yar Jigawa ce, sai ka ce shi ya haife ta.

"Yallaɓai, an ɗauke akwatina."

"Me ke ciki?"

"Tsarabar da na sayo a kasuwar kayan lantarki ta Tokyo. Akwai 'yan tsana na anime, wato katun ɗin Japanawa, da tukunyar dafa shinkafa ta Inna, da allon zane mai aiki kamar kwamfuta." Ta matso kusa da teburinsa. "Fim ɗin da na zana a can yana cikin allon, ba ni da shi a ko'ina. Ranar Litinin za a rufe karɓa, kuma da shi zan samu gurbin ƙaro karatu."

Sufeto ya ɗauki hularsa suka nufi Takur.

A gidan ya gane cewa rabin unguwa sun san abin da ke cikin akwatin. Mahaifiyarta, Inna Talatu, ba ta barin mai sannu da zuwa ya tafi sai ta buɗe masa kayan ɗaya bayan ɗaya, har mai tallan awara ba ta tsira ba.

A kwatar bayan gida aka tsinci 'yan tsanan, duk an cire musu kai.

Sale, mai shagon cajin waya a ƙofar gidan, ya matso kusa da Sufeto ya yi ƙasa da murya.

"Ranka ya daɗe, ni ba na son gulma, kuma ina masallaci abin ya faru. Amma jiya kowa ya ji Modibbo yana cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da mutum-mutumi. Ka kuwa san fatawar, sai an cire kai."

Modibbo yayan mahaifin Nuriyya ne, makiyayi kuma malami, ya zo daga Aujara don yi mata barka. Yana zaune a zaure kan buzu.

"Allah ya gafarta Malam, ka ga 'yan tsanan nan?"

"Ko kallo ba su ishe ni ba."

"An ce har ka ɗaga ɗaya kana juya shi."

Dattijon ya yi gyaran murya. "To, na ɗaga. Na kuma yi faɗa. Amma in zan yanka abu, a gaban mai shi zan yanka. Ni za a kira ɓarawo a gidan ƙanena?" Ya zaro wuƙarsa ya ajiye a kan buzun.

Sufeto ya dubi kaifin wuƙar, ya dubi wuyan 'yar tsanar. Wuyan a matse yake, da sawun haƙoran filaya a jiki.

Nuriyya ta fito da wani baƙin ƙarfe mai nauyi.

"Yallaɓai, wannan kaɗai aka bari, yana ƙarƙashin gado. Taransifoma ce. Mai shagon da na saye ta a Tokyo ya yi ta sunkuyawa yana gargaɗina cewa wutarmu ta ninka tasu ƙarfi. In aka jona tukunyar kai tsaye, ƙonewa za ta yi."

"Inna ta nuna wa baƙi wannan?"

"A'a, ta ce ba shi da kyan gani."

Sufeto ya yi murmushi. Ya san mai sabon abu ba ya iya haƙuri sai ya gwada, ko da na sata ne. Tun safe babu wuta a Takur, kuma janareta ɗaya ne ke kuka a layin, na shagon Sale.

A shagon Sale turaren tsinke na ci, amma bai iya danne ƙaurin roba ba. Soket ɗin bango ya yi baƙi ƙirin, ga filaya a kan tebur.

"Caja ce ta ƙone, ranka ya daɗe."

"Cajar da ake dafa shinkafa a ciki?"

Sufeto ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin benci. Tukunyar na ciki, gindinta ya narke, allon kuma a naɗe cikin tsumma. Sale ya durƙushe.

"Sharrin shaiɗan ne. Ana huɗuba na shiga. Gobe na so in kai Kano in sayar. Kawunan kuwa na cire ne don a ce Modibbo ne."

Nuriyya ta danna allon. Haske ya kawo. Sai ga duwatsun Dutse a zane, ga yarinya da sanda tana kora shanu, manyan idanunta irin na katun ɗin Japanawa, kitsonta na Fulani. Sufeto ya ji ƙirjinsa ya cika da alfahari, har ya manta da ankwar da ke hannunsa.

Modibbo ya matso, ya daɗe yana kallo.

"Ke, wannan ai farin bijimina ne!"

"Shi ne, Baffa."

"Ƙahonsa ya fi haka tsawo. Ki gyara kafin ki tura, kada Japanawa su ce shanunmu ƙanana ne."

Aka tasa ƙeyar Sale zuwa mota, ba wanda ya ko waiwaya ya dube shi.