Hoto na Biyu a Kwamfutar Jazuli

Haladu, Sahura, ku matso nan. Ku kife wayoyin nan. Sahura, ja ƙofar, kada jikokina su ji. A kan ƙaninku Jazuli na kira ku. Wata uku kuna cewa taifot ne, kuna aiko allurai. Ba taifot ba ne. Zan gaya muku abin da ya faɗa mini da bakinsa, tun yana iya magana.

Kun san shagonsa na bayan tasha, inda yake buga wa mutane takardu. Akwai wata manhaja a kwamfutarsa da take ɗaukar hoton duk abin da ke kan allon. Tsofaffi irina su zo, ya kira musu 'ya'yansu na nesa a bidiyo, ya danna, fuskar ta tsaya, ya fitar musu a takarda. Amma yana da wata ɗabi'a. Kullum sau biyu yake dannawa, don kada a ce ido ya fito a rufe. Ya ba ka ɗaya, ɗayan ya zauna a kwamfuta.

Ranar wata Juma'a ce. Duk layin an rufe, an tafi masallaci. Shi ya ce bari ya ƙarasa wani aiki. Sau nawa na hana shi wannan? An yi kiran sallah yana zaune. An ɗauke wuta. Layin ya yi tsit, ko akuya babu.

Sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, da baƙin mayafi. Ba ta yi sallama ba.

Ya ce, "Sannu, Inna. An rufe."

"Ai a buɗe na gani."

Ta zauna a kujerar nan ta roba mai tsagaggiyar ƙafa, wadda ko kyanwa ta hau sai ta yi ƙara. Ba ta yi ƙara ba. Kuma ya ce muryarta takan riga bakinta. Sai ya ji maganar, sannan leɓen ya motsa.

"'Yata nake so ka ɗauko mini."

"Inna, babu netwok. Ba ni lambar, ki dawo bayan la'asar."

"Duba gabanka, ɗan nan."

Ya duba. Allon ya buɗe da kansa. Wani ɗakin ƙasa ne, babu taga. Wata mace zaune a tabarma, kanta a sunkuye. Kusa da ita wata tabarmar, ba kowa a kai.

Tsohuwar ta ce, "Sau ɗaya za ka danna. Ka ji ni? Ɗaya."

"To, Inna."

Ya danna. Yatsan da ya saba, ya sake dannawa. Ya rantse mini bai yi niyya ba. A tsakanin nan macen ta ɗago kai, ta kalle shi.

"Sau nawa ka danna?"

"Ɗaya, Inna."

Ta zuba masa ido. Sannan ta yi dariya, dariyar ta fito daga bayansa.

"A wurinmu gani na farko na baƙo ne. Na biyu na miji."

Ko takardar ba ta karɓa ba. Ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye farin goro ɗaya da dabino a kan tebur, ta fita. Wawan ɗana, da yunwa ta kama shi bayan an sauko masallaci, ya cinye dabinon, ya ɓare goron. Yaron da aka haifa a garin nan, bai san inda ake raba goro da dabino ba!

Sauran kun gani. Ya daina cin abinci. Ya daina amsa sallama. Abin da ba ku gani ba shi ne hoton.

Ni ban yi boko ba, amma ba a yi mini rufa-rufa. Na sa aka ɗauko kwamfutar, na sa maƙwabcinsa na shago ya nuna mini inda ake dannawa, har na iya. Na buɗe hoto na biyun. Ga ta, idonta a kaina. A kan tabarmar da ya ce ba kowa, ga takalman Jazuli. Na tashi na duba bakin ƙofarsa. Babu su.

Bayan sati na sake buɗe hoton, ƙafafunsa ne a cikin takalman. Ranar ce ya daina tsayuwa.

Kada ka kalle ni haka, Haladu. Ka ɗauka ban gwada gogewa ba? Na goge. Ina dannawa na ji ƙara a ɗakinsa, na same shi idanu sun kafe, babu numfashi. Da gudu na koma na tono hoton daga kwandon sharar kwamfutar. Yana dawowa, yaron ya ja numfashi.

Na kai shi wurin malamai uku. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Na ukun, wani tsoho a bayan gari, shi ne bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Hajiya, in kin goge, kin binne shi. In kin bari, ranar da hoton ya cika, gangar jiki kawai za ki ci gaba da yi wa wanka."

Na je shagon Juma'a huɗu da tsakar rana, ni kaɗai, ko tsohuwar za ta dawo mu yi magana, uwa da uwa. Ba ta zo ba. Ku kada wanda ya gwada, kada kuma ku bar ɗanku ya zauna a layin nan shi kaɗai an tafi masallaci.

Yau da asuba na duba. Jikinsa a hoton ya kai wuya.

Ga kwamfutar nan ƙarƙashin gadona. Ni na haife shi, hannuna ba zai sake dannawa ba. Ko mu goge, mu yi masa sutura yana namu, a sallace shi kamar kowane Musulmi. Ko mu bari, ya tafi inda ba a kiran sallah, mu riƙa juya gangar jiki. Haladu, kai ne babba. Sahura, daina kukan nan, ba shi na kira ki yi ba. Ku yanke mini kafin Juma'a.