Gwal a Bakin Kebul

Baba Girgis maƙerin gwal ya goga awarwaron a kan baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, ya daɗe bai ɗago kai ba.

Basant ta zuba masa ido.

Zobe kawai suka kawo a rage, ya yi mata yawa. Goggo Afaf, yayar babanta, ce ta nace sai ta rako su. Ita ce kuma ta zare awarwaron daga hannun Basant, wai tunda an zo a duba shabkar gaba ɗaya, gwal ɗin baiko ai ba abin ɓoyo ba ne.

"Hajiya," in ji tsohon, yana duban Mama da tausayi, "wannan ɗan Sin ne. Ruwan gwal aka yi masa, haka ma zoben."

Mama ta dafa bango.

Goggo Afaf ta riƙe haɓa, amma idonta bai nuna mamaki ko kaɗan ba. Ta ce dama ta faɗa. An tsallake ɗanta Ashraf, mai shagon kayan sauti a tsakiyar Alƙahira, an ɗauko Hazim, yaron da ke kwana da tattabaru a saman bene yana buga gwangwani. Tun da ya ce shi kaɗai zai je sayen shabka, ba uwar yarinya ba kowa, ta san da magana.

"Na sani," in ji Basant.

Duk suka juyo.

"Ni na ce ya sayo wannan... kafin ya samu hali."

Ƙarya ce. Ba ta san daga ina ta fito ba.

Sai da suka fito titi Mama ta juyo gare ta. Nan ta ce mata Goggo ba za ta kai magariba ba ta gaya wa Baba ba, kuma ta san halinsa. Ko Hazim ya zo da gwal na gaskiya, ko da zobe ɗaya ne, ko baiko ya warware yau.

Basant ba ta koma gida ba. Matariyya ta nufa, unguwar su Hazim.

Ɗakin Hazim na can ƙarshen bene, kusa da akurkin tattabaru. Ya manne bango da kiret ɗin ƙwai, ya toshe taga da tsohon bargo. A nan take yi masa waƙa a ɓoye tun tana sakandare. A nan ya fara ce mata muryarta ta fi ƙarfin unguwar nan.

Ta same shi a durƙushe bayan tebur, kwanon koshari, dafa-dukan shinkafa da taliya, ya huce a gefe.

"Hasken idona," ya ce, bai ko tashi ba. "Kin zo a daidai. Zo ki gani."

Sababbin kebul ne, masu kauri, a naɗe da zare ja. Bakinsu na ƙyalli.

Ta ajiye awarwaron a kan tebur.

"Daga wurin Baba Girgis nake."

Hannunsa ya tsaya.

Bai musa ba, ko wannan bai yi mata ba. Ya ce da zai gaya mata. Ya ce ta san ƙugin nan da ke bin muryarta a duk abin da suka ɗauka, wanda ya sa masu sayen waƙa ke juya masa baya. Ashraf ya saurara, ya ce laifin kebul mai araha ne, babu mai hankalin da ke ɗaukar murya irin tata da wayar kasuwa. Ya nuna masa na Jamus masu bakin gwal, kuɗin shabkar ya ƙare a kansu. Shi ne kuma ya raka shi inda ake sayar da ɗan Sin, ya ce rabin amaren garin nan shi suke sawa, ba mai ganewa.

"Ashraf," ta ce.

"Mutumin kirki ne. Har ragi ya yi min."

"Uwarsa ce ta ce a gwada."

Sai ya ce wataƙila dacewa ce kawai.

Ta yi dariyar da ba daɗi. Sau nawa ta gaya masa ƙugin nan injin ruwan maƙwabta ne? In an kunna ya zo, in an kashe ya tafi. Shi ya ce ita waƙa ta iya, ta bar masa sauti.

"Na yi ƙarya saboda kai, Hazim. A gaban Mama."

"Rabin raina..."

"Kwashe su. Ka kai wani shagon, ko nawa aka ba ka ka karɓa. Zobe ɗaya ya isa. Ni zan ji da Baba."

Ya dubi kebul ɗin. Ya daɗe yana duban su.

"Ba ki ji bambancin ba ne. Da kin ji, ba za ki ce haka ba. Waƙa ɗaya, Basant. Ɗaya ta fita, in cika miki hannu har gwiwa."

"Kai kana ji?"

"Ko a barci."

Ta ce to ya juya baya. Za ta yi baiti guda sau biyu, sau ɗaya da sabon, sau ɗaya da tsohon. In ya gane, za ta koma gida ta tsaya a kan ƙaryarta, ko Baba zai yanka ta. In bai gane ba, yanzu za su sauka tare da kayan.

Ya yi murmushi irin na wanda aka ba kyauta. Ya danna wani abu a kwamfuta, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya fuskanci bango.

Ta fara da mai bakin gwal.

Ta yi baitin yadda ta saba, tsaf. Waƙar da ya rubuta mata ce, ta yarinyar da ke jira a baranda.

Sai ta zare shi. Ta lalubo tsohon a cikin kwali, baƙi, siriri, an naɗe wuyansa da salatif. Da shi suka fara komai. Ranar da ya saye shi a bakin titi, da ƙafa suka dawo don ba abin mota, suna raba gasasshiyar masara ɗaya.

Ta jona shi.

Ta dubi ƙeyarsa, yadda ya karkata kai yana jira.

Ta buɗe baki, muryar ta ƙi. Ta tilasta ta. Ta fito a karye, tana rawa a ƙarshen kowace kalma, amma ta kai ta har ƙarshe.

Ya cire abin kunnen da sauri.

"Na biyun! Wallahi na biyun ne."

Bai juyo ba tukuna, hannunsa na yawo a iska.

"Kin ji zurfin nan? Akwai wata rawa can ƙasa da ban taɓa ji a muryarki ba. Abin da tsohon ke cinyewa ke nan. Na gaya miki, na..."

Ya juyo.

Baƙin kebul ɗin na lilo daga makirufo. Fuskarta a jiƙe.

"Kuka nake yi, Hazim."

Tattabaru na ta guɗa a waje.

Ta tsaya tana jira. Har a lokacin, da ya miƙa hannu ya fara naɗe jajayen nan, da ta riƙe masa jaka. Da ma haƙuri kawai ya ba ta.

Ta ga bakinsa ya motsa. Ta ga idonsa ya bar fuskarta, a hankali, kamar yana jin kunyar kansa, ya zame zuwa kwamfutar.

Yana duba ko ta ɗauki muryar.

Ta zare zoben da ya yi mata yawa, ya fito bai ko yi gardama ba. Ta ɗora shi kusa da kwanon koshari.

Ba ta jira Goggo Afaf ba. Ita ta tari Baba a ƙofa, ta ce ta yi wa Mama ƙarya, ba ta san komai ba, kuma ta fasa. Ta ƙara da cewa in Ashraf ya turo, a gaya masa ya riƙe ragin da ya yi.

Baba ya tambaya ko yaron ya ce wani abu.

Ya ce kuwa.

Ɗazu, tana tsakiyar matakala, Hazim ya leƙo daga sama, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya kira sunanta. Ta tsaya. Zuciyarta, mara kunya, ta buga.

"Na biyun nan..." ya ce. "Kin yarda in fitar da waƙar?"