Baƙi Uku a Zauren Malam Aƙilu

Ina tsaka da wanke shinkafa da safiyar Juma'a saƙon muryar Zulkiflu ya shigo. Na danna da jiƙaƙƙen hannu na kara a kunne.

"Radiyata, na taso daga Maraɗi. Na samu mai babur da ya san hanyar daji. In Allah ya yarda, da la'asar ina Zariya."

Ban san lokacin da robar ta suɓuce daga hannuna ba.

Hanyar daji...

Duk mai kunne ya san abin da ke cikin dajin nan. Ga 'yan bindiga, ga masu sintiri tun da aka rufe boda tsakaninmu da Nijar. Na kira shi, a kashe. Na sake kira har sau tara.

Zulkiflu ɗan Nijar ne. Shekara biyu da suka wuce ƙasarsu ta turo shi Zariya cikin wani shirin haɗin gwiwa. Nijar da Benin da Togo da Gambiya ne suka ga ba wadda za ta iya binciken irin wake mai jure fari ita kaɗai, sai kowace ta turo mutum ɗaya su yi aiki da masananmu. Ni ce mai buga musu takardu. Tun ina yi masa dariyar Hausarsa har na wayi gari ranar da bai leƙo ofis ba abinci ba ya min daɗi.

Ya tafi gida ne don ya zo da kawunnansa neman aurena, kwana huɗu da tafiyarsa aka rufe boda. Wata biyar ke nan.

Cikin watannin nan Yaya Suhail, ɗan goggona, ya mai da zaurenmu na Ƙofar Galadima wurin zamansa. Shi da ya daɗe yana sona ban ko kalle shi ba, sai ga shi kullum gindin Baba. Yau ya ce Zulkiflu na da mata a can, gobe ya ce ɗan leƙen asiri ne aka janye. Baba, Malam Aƙilu, ba mai saurin hukunci ba ne, amma ya gaji da surutun unguwa. Ya ce in magabatan yaron ba su zauna a zaurensa Juma'ar nan ba, magana ta mutu.

Kuma ni na gaya wa Zulkiflu haka, ina kuka, har na ce in da gaske yake sona zai san yadda ya yi. Ni na tura shi dajin nan da bakina.

Da na rasa mafita na kira Alhaji Lado, wakilin Benin, dattijon ofishinmu. Da ƙyar ya gane abin da nake faɗa saboda kuka. Da ya gane sai ya ce su ƙananan ƙasashe suna da ɗabi'a: ba kullum kowace ke iya tura mutum taro ba, don haka in kujerar wata ta zama ba kowa, maƙwabciya ke karɓar wasiƙarta ta yi magana a madadinta.

"Ba mu barin kujerar ɗan uwa haka, 'yata. Turo min lambar kawunsa."

Bayan an sauko daga masallaci suka iso. Mota ba ta shiga lungunmu, da ƙafa suka ƙaraso: Alhaji Lado cikin babbar riga, mutumin Gambiya riƙe da ƙwaryar goro, da mutumin Togo, wanda Kirista ne, ya ari hula ta yi masa yawa. Na laɓe bayan ƙofar zaure.

Suhail ya fara da dariya, wai yau ga dangin aro. Baba ya yi masa kallo ɗaya ya haɗiye sauran. Sannan Baba ya tambayi baƙin su su wane ne ga yaron.

Alhaji Lado ya ce ba jininsa ba ne su, ba zai yi wa malami ƙarya ba. Amma shekara biyu suna cin abinci a kwano ɗaya, sun san sallarsa, sun san fushinsa, kuma kawunsa ya wakilta shi ta waya ɗazu, ga lambar in ana son tabbatarwa.

"In ya wulaƙanta min 'ya, wa zan kama?" in ji Baba. "Gwamnatocinku ma sun kasa zama inuwa ɗaya."

"Ni za ka kama, Malam. Manya can sama su yi ta faɗansu, mu na ƙasa ba mu rabu ba."

Mutumin Togo ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ya ce, "Da ni." Na Gambiya ma ya gyaɗa kai.

Baba ya yi ta jan carbinsa. Ni kuwa kowane minti ina ganin Zulkiflu kwance cikin ciyawa. Na san budurwa ba ta shiga zaure ana maganar aurenta. Na san za a yi shekara ana zancen a Ƙofar Galadima. Na tura ƙofar na zube a gabansa.

"Baba... yana cikin daji. Tun safe ya taso a babur don kada ya saɓa ranar da ka sa. Wayarsa a kashe."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Saboda maganata?"

Na gyaɗa kai. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai ranar. Ya ce wa Suhail ya tashi ya ba shi wuri, ya jawo ƙwaryar goron gabansa, ya ce kowa ya sa yaron a addu'a.

Muka zauna. Alhaji Lado na ta kiran mutanen da ya sani a ɓangarorin boda biyu, ba wanda ya gan shi. Aka kira la'asar, aka yi, aka dawo. Ni dai ko hawayen sun ƙafe.

Sai ga kira da baƙuwar lamba.

"Masoyiyata, ni ne."

Na fashe da kuka. Ya ce yana ƙauyen ƙarshe kafin daji, wayar wani mai shayi ya ara. An ji harbi da hantsi, mai babur ya ƙi gaba, tun ɗazu yake roƙonsa. Yanzu ya yanke shawara zai shiga da ƙafa, in ba wa Baba haƙuri ya ƙara masa kwana ɗaya.

"Kada ka shiga, Zul, don Allah kada ka..."

Baba ya karɓe wayar daga hannuna ya buɗe muryar kowa ya ji.

"Zulkiflu, Malam Aƙilu ne. Mutanenka sun zo, na karɓi goronsu. Na ba ka Radiya. Juma'a mai zuwa za a ɗaura, Alhaji Lado ne wakilinka. Ba na son ganin fuskarka sai an buɗe hanya. Ka ji ni?"

Muka ji ya sauke numfashi.

"Na ji, Baba."

Na karɓi wayar na roƙe shi kada ya kashe tukuna. Na ji takunsa, na ji ya kira mai babur ɗin.

"Tada mashin ɗinka. Maraɗi za mu koma."