Mai Amsa Sallama a Ɗakin Mahbuba

Rakiya aminiyata, ke kaɗai zan iya gaya wa wannan.

Kin san kwamfutar nan ta hannu da aka saya wa 'yata Mahbuba a gwanjo. Aikinta na gama jami'a duk yana ciki. To, sai ta fara gardama. Yau ta kunnu, gobe a danna ta yi shiru, fuskarta baƙi ƙirin.

Mun yi ta sintiri wurin Misbahu mai gyara. Ya canza batir, ya canza caja, ya buɗe cikinta ya hure ƙura. A shagonsa ba ta taɓa ƙi ba.

"Hajiya, ni fa ba na gyaran mai lafiya," in ji shi. "Ko dai wutar gidanku ce?"

Muna dawowa gida ta ƙi. Ga ranar miƙa aiki tana matsowa, yarinya sai kuka. Amma in na shiga ɗakin, sai ta kunnu. Har Mahbuba take tsokanata: "Umma, zo ki tsaya mini, ke take tsoro."

Ran nan gab da magariba na aiki Mahbuba kanti, na shiga ɗakinta ɗauko darduma. Kin san ni, ko ɗaki ba kowa sai na yi sallama. Ita kuwa faɗawa kawai take yi.

Na ce, "Assalamu alaikum."

Ba wuta a unguwa. Kwamfutar tana rufe a kan tabarma. Sai na ji 'yar fankar cikinta ta fara huci. Wani ƙauri ya taso, kamar an ƙona gashi.

"Wa alaikumus salam."

Muryar tsoho ce, ƙasa-ƙasa.

Haske yana tsiyayowa ta gefen murfin.

"Ke kaɗai ce mai ladabi a gidan nan," ya ce.

Na nemi Ayatul Kursiyyu, na rasa farkonta.

Kiran salla ne ya sake ni. Da rarrafe na fito.

A tsakar gida na gane: sai an yi sallama take kunnuwa. Shagon Misbahu, ai duk mai shiga da sallama yake shiga.

Na koma na roƙi Misbahu ya kwashe aikin ya zuba a wata kwamfutar. Ya kwashe, aka buɗe, fayau, ba ko harafi. Na so in ce wa Mahbuba ta riƙa yin sallama, sai na tuna wanda zai amsa mata. Don haka kullum ni nake riga ta shiga. In yi sallama, a amsa, in fito in ce mata, "Shiga, ta kunnu."

Babin ƙarshe ya rage mata.

Jiya da tsohon ya amsa, sai ya tambaye ni sunan 'yata. Na ƙi faɗa masa.

Yau na yi sallama har muryata ta dushe. Ba a amsa ba. Mahbuba tana can ta tasa baƙar fuskar a gaba, tana kirana in zo in tsaya mata.

Ki sa mu a addu'a, Rakiya. Kuma don girman Allah kada kowa ya ji, balle ita.